Oba-obar Maigidana

Shekarar da soja suka koma bariki, sabon kansilanmu ya raba wa dattawa oba-oba guda shida, rediyon kiran juna irin na 'yan sanda. Ya ce in gobara ta tashi ko ciwo ya kayar da wani, a danna a kira wani Alhaji mai mota a Babban Giji, ya zo ya ɗauka. Maigidana ya samu ɗaya, don shi ne ladanin layinmu a Gyadi-Gyadi. Har riga ya sa na ɗinka mata da ƙyallen shadda. Ni kuwa rabona da sabon zani tun mulkin soja.

Kullum bayan la'asar sai su kunna, su hau gaisuwa. "Alhaji ina wuni, oba." "Lafiya lau, ya ƙafar taka, oba." Mutanen da ɗazu suka ga juna a kasuwa! Na ce wa maigidana ya koya mini. Ya ce, "Ke, wannan kayan hukuma ne."

Wata Laraba ya dawo daga masallaci, ya sunkuya zai cire takalmi, sai ya kife, bakinsa ya karkace. Na zaro abar, na danna inda nake ganin yana dannawa, na yi ta ihu. Ashe wanda ke magana ba ya jin kowa sai ya saki. Alhajin mota kuwa ya riƙe, yana gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, da iyalansu. Da ya saki, muryata ta shiga.

Ya ce, "Wace ce wannan ba sallama? Miƙa wa maigidan, oba."

Na ce maigidan yana ƙasa, ba ya motsi.

Ya ce, "Subhanallahi! To ya jikin nasa, oba?"

Maƙwabciyata, nas ce 'yar Filato, ita ta jiyo kururuwata ta katanga, ba batir ba komai. Ta fita titi ta tare tasi. Asibitin koyarwa ga shi nan kusa, amma kafin mu kai ƙofa ya cika a kan cinyata. Har yau in na tuna nauyin kansa sai hawaye, yanzu ma ga su nan.

Wajen jana'iza dai oba-oba ta yi aiki. Kafin magariba labari ya zaga Tarauni har Hotoro. Alhaji ya zo da motar, an wanke ta tas, ya tsaya a sahun gaba.

Ranar sadakar uku mutanen kansila suka aiko a karɓi kayan hukuma. Na ba su. Rigar dai na cire na riƙe. Ni na ɗinka ta, kuma har yanzu tana ƙanshin turaren hannunsa.