Jirgin da tarunsa ba ya jiƙewa

Shekara tara na yi ina kai ƙanƙara a mota bakin tekun Jidda, inda jiragen kamun kifi ke tsayawa. Ni mutumin tudu ne, ruwan da na sani shi ne na rijiya. Shi ya sa da ƙanena ya zo neman aiki, na zaɓa masa jirgi yadda ake zaɓen mota: fenti sabo, inji lafiyayye. Har ina cika baki a unguwar Bab Makka.

Wani tsoho mutumin Yaman, mai ɗinkin taru, ya ja ni gefe. Ya ce, "Ka duba jirgi, ba ka duba mai shi ba. Na wane ne? Da su wa yake gaisawa a tsakiyar ruwa?"

Na ce ai takardu na nan. Ya ce sunan wata gyatuma ne a jiki. Ainihin mai shi surukinta ne, kuma an riga an kama masa jirage biyu a ruwan wasu ƙasashe. Raina ya ɓaci, na ce hassada ce kawai.

To amma ni ke loda musu ƙanƙara. Sukan ɗauki ta jirgi biyu, bayan kwana uku su dawo maƙil da kifi, tarunsu a bushe ƙamas. Na tsare ƙanena da tambaya. Ya sunkuyar da kai, ya ce ba sa jefa taru. Wasu jirage marasa lamba ke tarar su can wajen ƙetare, a jera gefe da gefe a juye musu kifin sata.

Ya ce, "Yaya, in sauka?"

Mai jirgin ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, iƙamarsa, takardar izinin zama, na hannunsa. Tsoron rigima ya kama ni. Na ce ya daure zuwa bayan aikin Hajji, in samo masa tuƙin mota a unguwar Abhur. Wallahi da bakina na faɗa.

Ba a kai Hajji ba aka kama su a ƙetare. Mai jirgin ko tambayarsa ba a yi ba. Bayan sati uku ya zo da sabon jirgi, ya ce in kawo ƙanƙara. Na kai, ina jin kunyar kaina, don shi kaɗai nake ganin zai iya fito min da ɗan'uwana. Bai yi komai ba.

Sai da ƙanena ya shekara a tsare, daga can aka mayar da shi gida. Har yau yana gaishe ni da ladabi, amma bai sake neman shawarata ba.