Hatimi Mai Da'ira

Siamuzwe yana tsaye a layin neman lasisi a ofishin hukumar gari, idonsa na kan tsohuwar da ke gabansa. Bai san sunanta ba. Zanenta ya koɗe, duga-duganta duk faso, buhun da ke kanta yana ƙarnin kapenta, busassun ƙananan kifayen tafkin Kariba. Daga gani da kifin nan ta raini 'ya'yanta, wataƙila yanzu jikoki take ciyarwa.

Ta russuna, ta tafa hannu ta gaida akawu, ta miƙa takardarta.

"Mama, ai an buga miki hatimi," in ji akawun, ko kai bai ɗaga ba. "Ga shi da Turanci, an karɓa. Je ki abinki."

"Ɗana, Turancinku ban iya ba, amma hatimi na sani. Wannan mai kusurwa huɗu cewa yake kun karɓa. Mai da'ira shi ke cewa kun yarda. Sau uku ina nuna wannan a kasuwa, sau uku ma'aikatanku suna kwashe mini kifi."

"Duk ɗaya ne, Mama."

"Au, ɗaya ne?"

Sai ta sauke buhu, ta shimfiɗa leda a gaban teburinsa, tana kasa kifi cikin natsuwa. Ƙarni ya gauraye ofis. Siamuzwe yana ta danne dariya.

Akawu ya miƙe zumbur. "Mama! Wa ya ba ki izinin kasa kaya a nan?"

Ta ɗaga masa takardar.

"Kai mana, ɗana. Ga shi nan da Turanci."