Ramar da Na Kwaso a Tirmini

Shekarar da aka tura ni koyarwa Tirmini, na dawo hutu Damagaram wando yana zame mini. Cikina ne ya lalace. In na ci abinci ya dawo, in ban ci ba ya yi ta ƙuna. Inna ta dube ni ta ce aure nake so. Mutanen unguwa kuwa ba su tambaye ni komai ba, don tun daga bakin lungu suka gama bincikensu.

A ƙofar gidanmu cikin Birni akwai fada, inda maza ke zama bayan la'asar suna shan shayi. Babbansu wani tsohon ɗan duwan ne, wato jami'in kwastan, da ya ajiye aiki. Shi ne likitan fadar, ko da yake da ido kawai yake auna mutane. Ya tabbatar mana cewa sida, wato ƙanjamau, ba ciwon Damagaram ba ce, daga Najeriya ake shigo da ita, kuma da yana bakin aikinsa da ba ta tsallako iyaka ba. Akwai kuma wani Alhaji Bakano mai sayar da atamfa a kasuwa, mutum mai ƙiba da fara'a. Shi ya ce su a Kano an ce musu daga Legas take zuwa, 'yan Legas kuma sun ce jirgin ruwa ne ya sauke musu ita. Wani da ya yi zaman Abijan ya ce can ma baƙi ake ɗora wa, har da mu 'yan Nijar. Rediyo na ta faɗin cutar ta game duniya, ba ta bar fari ba, ba ta bar baƙi ba. Fadarmu ta yarda da batun duniya, amma ta cire Birni daga ciki.

Ban daɗe da dawowa ba mai dafa shayi ya fara miƙo mini nawa a wani kofi mai tsaguwa, wanda da ake auna sukari da shi. Gaisuwa ma ta ƙaru. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Mushe, ya jiki?" hannayensa biyu cikin aljihu. Mushe ake ce wa malamin makaranta a wajenmu. Wanzamin da ke yi mini aski tun ina yaro ya ce askarsa ta dakushe. Wani maƙwabcinmu, kafinta, ya janye tabarmarsa daga kusa da ni, wai kada sauro ya cije ni ya wuce wurinsa. Tsohon ɗan duwan kuma ya shiga wa'azi kan samarin da ake turawa ƙauye aiki su mance da tsoron Allah, yana yi yana kallon sama.

Na fara tsorata da kaina. In gari guda ya ce kana da ciwo, sai ka fara jin sa a gwiwa.

Wata rana na bi ta kasuwa, Alhaji ya kira ni rumfarsa, ya matsa mini wuri kan benci.

"Mushe, ka je an duba jininka?"

"Alhaji, ni ban yi abin da zai kawo mini ita ba."

"Ban tambaye ka abin da ka yi ba. Cewa na yi, ka je?"

Na ce ban je ba. Ya ce in shirya, gobe da safe zai ɗauke ni a babur ɗinsa.

Da muka isa asibiti na ga ma'aikatan suna gaishe shi kamar ɗan gida, wata har tana tambayarsa Hajiya. Na ɗauka atamfa suke saye a wurinsa. Muna zaune muna jiran layi ya ce, "Nan nake karɓar maganina. An daɗe."

Na ce, "Na sukari?"

"Na abin da ake zargin ka da shi. Ƙwaya nake sha kullum, kamar mai hawan jini. Hajiya ta sani tun ranar farko, ita ke tuna mini lokaci. Yaran da muka haifa bayan nan duk lafiyarsu lau."

Na rasa inda zan sa idona. Can na ce, "Ba ka tsoron in faɗa?"

Ya shafa tumbinsa ya yi dariya. "Faɗa mana. Wa zai yarda da kai?"

Matar da ta ɗebi jinina ta zaunar da ni ta yi mini bayani kafin ta faɗi sakamako. Ta ce ba a ɗauka ta kofi, ko musafaha, ko sauro. Ta jini ake ɗauka, ko saduwa, ko daga uwa zuwa jariri in ba a ba uwar magani ba. Sannan ta ce ba ni da ita. Gyambon ciki ne da tsutsa. Aka rubuta mini magani, aka hana ni yaji da shayi mai ƙarfi.

Da yamma na kai labari fada. Tsohon ɗan duwan ya girgiza kai ya ce na'urar Turawa tana kuskure, shi ya ga irin haka da yawa. Ya karɓi kofin da Alhaji ya gama sha da shi, aka zuba masa, ya kurɓa. Sannan ya nuna mini Alhaji ya ce, "Ka ga yadda lafiyayyen mutum yake."

Alhaji ya ce, "Alhamdulillahi, Baba."

Kafin hutu ya ƙare jikina ya fara dawowa, kumatu suka fito. Na zaci za a ce an yi mini zato marar kyau. Sai labari ya bazu cewa wani malami a Gouna ya ba ni rubutu na sha, ciwon ya fita. Ni ko hanyar Gouna ban sani ba. Har tsohon ɗan duwan ya ce ya san malamin, abokin mahaifinsa ne.

Wata safiya kafintan nan ya tare ni a zaure, yana waige-waige. Ya ce wani abokinsa ne ke son kwatancen gidan malamin. Na dubi wuyan rigarsa da ya yi masa faɗi, na ce malamin nawa a asibiti yake zama, kuma in abokin yana so zan raka shi. Ya shiga murza hularsa.

"Mushe, za su faɗa wa mutane?"

Na ce ba sa faɗa. Ya ce to bari ya sa takalmi.

Da aka duba jinin kafintan aka ga yana da ita, daga baya matarsa ma haka. A hanyar dawowa ya yi kuka a bayan wani kango, na tsaya na jira shi. Su biyun suka fara shan magani a makon. Bara da zan yi wa ɗakin Inna sabuwar ƙofa, shi ya yi mini aikin, kuma sai da muka yi rigima don ya sa ƙyauren a karkace.