Lambar da Na Ba Matuƙin Jirgi

A daminar da jan-baki ya sauka wa dawa a ƙasar Ribah, ni ne malamin gona na wajen. Tsuntsun nan ba shi da imani: ya yini a gona, da magariba ya tattaru cikin wani kurmin ƙaya a bakin fadama. Aka ce jirgin feshi zai zo. Matuƙin bai san ƙasar Zuru ba, kuma ga hadari ga duhun magariba, ba ƙasa zai duba ba, na'ura zai bi. Aikina in tsaya a kurmin da 'yar na'urar tauraron ɗan'adam, in karanto masa lambar wurin.

Na aro na'urar a ofishin safiyo, masu auna filaye. Matuƙin ya aiko da takardar hukumar jiragen sama, Turanci cunkus. Na ninke ta na cusa a aljihu. Ni da na daɗe ina auna gonaki, wa zai koya mini tsayuwa a daji? Na ɗauki lamba, na hau dutsen da waya ke kamawa, na karanta masa.

Da la'asar ruwa ya tsare ni a wata rumfa a Ribah, don rashin abin yi na buɗe takardar. Ta ce duk lambar da za a ba jirgi sai an ɗauke ta da ma'aunin duniya, ba na tsofaffin taswirorinmu ba, don akwai tazara tsakaninsu. Na duba na'urar. Ashe mutanen safiyo sun bar ta a kan tsohon ma'auni. Innalillahi! Ga shi kuwa tafkin da mutanen ƙauyen wajen ke sha yana gefen kurmin.

Waya ba sabis. Na buga babur cikin taɓo, sau biyu ina faɗuwa. Da na isa na gyara na'urar, na bi lambar da na bayar. Ta yi ta jana har ruwan tafki ya kai mini gwiwa. Ga mata suna ɗiba, ga shanu suna sha.

Na yi ta ihu kamar mahaukaci: "Ku fita! Ku bar tulunan! Guba na tafe!" Wata tsohuwa ta tsaya neman dalili, na fizge tulunta na jefar, na ja hannunta. Da ƙyar muka kai tudu, sai rugugin jirgi. Ya fito daga gajimare ya zuba maganin daidai inda na ce.

Washegari kifi ya taso fari fat a kan tafkin, jan-baki kuwa ya tashi lafiya lau ya koma wa dawa. Tsohuwar ta zo mini da ƙwai a ƙwarya, ta durƙusa gaban jama'a.

"Malam, Allah shi yi ma albarka. Da ba kai ba, da makahon jirgin nan ya gama da mu."

Mutane suka ce amin. Kunya kamar in nutse, amma na sa hannu biyu na karɓi ƙwan. Har na bar aikin ban faɗa musu ba.