Akuyar Tsahara

A Jiratawa in aka ce Tsahara mai zogale, ba a ƙara tambayar wacce. Tun mijinta na da rai suke noman garka, da ya rasu ta riƙe ta ita kaɗai, ga zogale ga albasa ga ɗan tattasai a gefe. Jikokinta goma sha ɗaya ne, amma wadda ta kwanta mata a rai ita ce Mansura, 'yar shekara huɗu, ɗiyar autanta Hafizu mai gyaran babura a Sabon Garin Maraɗi. Duk Juma'a sai ta ɗaura tsaraba ta hau kabu-kabu zuwa Maraɗi, kuma tun daga zaure yarinyar ke tarbo ta da gudu.

Wata Juma'a ta yi sallama har sau biyu, ba wanda ya rugo. Ta tarar da Mansura zaune a tabarmar maƙwabciyarsu ta gidan haya, wata Madam Saloma, mutuniyar Tibiri da ta koyar da yara a lakwal har ta yi antire ta aje aiki. Yarinyar na rungume da wani ɗan zomo na ulu, fari tas, mai dogayen kunnuwa.

"Ƙawata, ba ki gan ni ba? Ga rake na kawo miki."

Mansura ta ɗago zomon. "Duba, Kaka Saloma ta yi mini."

Kaka. Sunan da Tsahara ta ɗauka nata ne ita kaɗai. Ta gaisa da Saloma da fara'a, har ta yaba aikin, amma tuwon da surukarta Fadila ta kawo mata loma uku ta yi ta janye hannu.

Tsahara ba baƙuwar kwarashi ba ce, don ta taɓa koyon saƙa hular jarirai a ƙungiyar mata. Ranar Litinin ta shigo babbar kasuwa ba tare da ta sanar da kowa ba, ta nemi rumfar Idirisa mai ulu. Ya baje mata kaya, ya tambayi abin da za ta saƙa. Ta ce akuya, ta wasan yara.

"To Inna, ga na auduga. Bai da ƙyalli, amma yana riƙe ɗauri, kuma ko yaro ya sa a baki ba ya zubar da gashi. Shi Madam Saloma ke ɗauka kullum."

Da bai ambaci sunan ba, da ta ɗauka. Sai ta ture shi gefe, ta nuna wani ja mai gashi buya-buya da ke rataye sama, yana walƙiya kamar kayan amarya.

"Wanga na mayafi ne, Inna. Ba za ki ga idon saƙarki ba."

"Idona ko naka? Sauko mini da shi."

Mako uku ta yi tana fama da shi a inuwar itacen bedi, tsakanin ban ruwan safe da na maraice. Gashin ulun ya rufe saƙar, ba ta sanin inda za ta soka kwarashi. In ta yi kuskure ba ya warwaruwa, sai ya cukurkuɗe ya tsinke. Da ta cusa auduga a ciki, sai ga ta tana leƙowa ta ramuka. Abin da ya fito dai ƙafa huɗu gare shi, amma da ta kai shi Maraɗi sai da Fadila ta juya shi sau biyu kafin ta gane ina ne kai.

Mansura ta yi murna, ta karɓa ta sumbata. Kafin la'asar bakinta da rigarta sun yi ja, tana tari tana ciro gashi daga harshe. Fadila ta ɗauke akuyar ta ce za ta wanke. Ruwan roba ya koma kamar zoɓo. Saloma na zaune ƙofar ɗakinta tana kallo, kuma kallon nan ya fi yi wa Tsahara ciwo da a ce dariya ta yi.

Juma'a biyu ba ta je Maraɗi ba. Hafizu ya buga waya, ta ce ƙafa ce. Amma ba zaune take ba. Ta sauko da tsohon mazarinta daga saman rumbu, wanda rabonta da shi tun tana goyon fari, ta samo auduga wajen wani maƙwabcinta, ta gurje, ta shiɓe, ta shafa alli a yatsa. Hannu bai manta ba. Ta kaɗa zare ta murɗa shi biyu, ya fito sumul, mai ƙarfi.

Ana haka, ranar Asabar da hantsi, sai ga Saloma ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gida, ta ce ta zo duba ƙafa. Tsahara ta yi wuf za ta rufe zaren da faifai, amma baƙuwar ta riga ta gani. Ta ɗauka ta ja shi tsakanin yatsu, ta naɗa a ɗan yatsa, ta daɗe tana dubawa.

"Inna, ina kika sayi wannan?"

"Ba a sayar da shi."

"Shekara goma ina neman irinsa. Na kasuwa in an wanke sau uku ya saki."

Daɗi ya ratsa Tsahara har tafin ƙafa, amma ta ɗaure fuska. Saloma ta ce in za ta ba ta curi biyu, ita kuma za ta nuna mata yadda ake matse ɗauri, da yadda ake rage ido a wuya don kai ya fito. Tsahara ta ce za ta yi shawara. Shawarar ba ta wuce tsawon shan furar da ta dama wa baƙuwar ba.

Akuya ta biyu ta fito akuya sosai, ruwan ƙasa, don da ɓawon albasa aka rina zaren. Mansura ta raɗa mata suna, ta yini tana ba ta ciyawa. Sai dai a mako na gaba Saloma ta saƙa raƙumi da zaren Tsahara, har da tozo da ragama, yaran gidan duka suka bi shi da ihu. Tsahara ta dube shi ta ce wuyan ya yi tsawo.

Yanzu shekara biyu ke nan. Tsahara na kaɗi, Saloma na zuwa ɗauka, in za a sayi baƙin zaren yin idanu tare suke zuwa rumfar Idirisa, su yi ta musu a kan launi har ya gaji ya ba su kujera. Dabbobin da Tsahara ta saƙa sun kai tara, kuma ta san a ranta har yau hannun Saloma ya fi nata kyau. In an yaba aikin Saloma a gabanta, ta kan bari a gama, sannan ta ce, "Ku taɓa zaren ku ji." Mutanen Jiratawa da yawa sun taɓa, ko sun so ko ba su so ba.