Waƙar Tashin da Banwari Ya Ƙi Rerawa

Shekara talatin ina kaɗa wa mawaƙi Banwari Lal ganga a haikalin unguwarmu a Gokul ta ƙasar Indiya, kuma ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. Ko madara aka miƙa masa sai ya tsoma yatsa ya duba ko an ƙara ruwa. A wurinmu ba a rera wa Krishna, abin bautarmu da muke ɗauka kamar ƙaramin yaro, sabuwar waƙa, sai ta magabata, kowace da lokacinta. Duk wanda ya kawo wata ya ce tsohuwa ce, Banwari ake bai wa ya tantance, kuma ya kunyata masu ilimi da yawa.

Wata rana matarsa Phulwati ta kai wa shugaban haikalin wata takarda, ta ce a akwatin kakanta ta tsince ta. Waƙar tashin Krishna daga barci ce, irin wadda Banwari yake rerawa kowace safiya. Shugaban ya so a rera ta ranar biki, idan Banwari ya yarda.

Banwari ya sansana takardar, ya ɗaga ta ga rana. Ya ƙirga awon a gaɓoɓin yatsunsa, sha shida da sha biyu, kowane layi cif. Sunan wani magabaci ma yana baitin ƙarshe yadda aka saba.

Na ce, "To sarkin zargi, yau ka rasa abin kamawa."

Ya ce, "Kai ganga kawai ka sani. A waƙar nan uwa tana kira, madara ta huce, shanu sun fita, waƙa ta ƙare yaron bai tashi ba. Magabata ba sa barin sa a kwance."

Na raka shi gida. Phulwati tana murza gurasa, ya tsaya a kanta.

"Uwar Madho, kakanki ya taɓa rasa ɗa?"

Ba ta ɗago ba. Madho ɗansu yana ɗan shekara huɗu zazzaɓi ya ɗauke shi, shekara ashirin da suka wuce.

Ta ce, "Shekara ashirin kana tashin ɗan wata mata kowace safiya, Baban Madho. Sau ɗaya nake so ka kira nawa."

Ya je ya gaya wa shugaban cewa waƙar sabuwa ce, ba za a rera ba. Gaskiya ya faɗa, amma ni haushinsa na ji sosai.

Washegari aka buga ƙararrawa, na ɗora hannu a ganga ina jiran ya ɗauko waƙar tashi. Ya buɗe baki, ya rufe. Daga ranar wani ne yake tashin Krishna, Banwari sai waƙar rana da ta yamma.