Wayar da Ta Tare Burtalinmu

Har yau in na ji ana yabon mutumin nan, ana cewa wai ya yi wa jama'arsa hidima a majalisar jiha, sai in ce a raina: Hidima? To bari ni ma in faɗi wadda na gani da idona.

Mu mutanen wajen Zoza ne. Baffa, mahaifina, yana noma yana kiwo. A tsakar gida Fillanci muke yi, a kasuwa Hausa. Tsakanin gonakin garinmu akwai burtali, hanyar shanu mai faɗi da ta gangara har rafi. Kowace shekara kafin ruwan fari, manoma da masu shanu sukan fito gayya su gyara shingen cini-da-zugu na gefe biyu. Da kaka kuma a saki shanu su ci kara, su bar wa mai gona taki. Haka muka tashi muka tarar, kuma ban taɓa jin an kai wani gaban alƙali a kan burtalin nan ba.

Shi ɗan majalisar ɗan maƙwabcinmu ne. Yana jariri uwarsa ta rasu, Innarmu ce ta raine shi da madarar shanunmu. Tare da yayana suka yi kiwo, a wannan burtalin dai. Daga baya ya yi boko, ya zama malamin makaranta a Karaye, sai muka ji ya shiga siyasa.

Lokacin zaɓen ƙato bayan ƙato ne, inda kowa zai tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, duniya na kallonsa. Baffa da ko ƙuri'a bai taɓa jefawa ba, ranar ya bar shanu, ya bi ruga ruga ya taso mutane, suka tsaya cikin rana bayan hoton nan. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Ɗana ne, in ban tsaya masa ba wa zai tsaya?" Ɗan nasa kuwa ya ci zaɓen.

Ranin da ya biyo, ina gida wankan jegon ɗana na fari. Ɗan majalisar, da yanzu ake kira Onarabul, ya sayi gonakin da ke hagu da dama na burtali, wai zai yi lambun mangwaro. Muka wayi gari an tuge cini-da-zugu, an kewaye gonakin biyu da waya mai ƙaya, an haɗe su sun zama ɗaya. Burtali ya shige ciki. Abin da aka bar mana wata 'yar ƙofa ce da lungu, wanda ko jaki mai mangala sai ya karkata zai wuce.

Kowa ya san saniya mai ƙishi ba ta bin layi. Da sun ji ƙanshin ruwa sai su zuba gaba ɗaya. Ba a yi nisa ba wayar ta farke cikin karsanar da Baffa ya ba ɗana ranar suna. Dole aka yanka ta. Wallahi ko loma ɗaya ta naman ban iya kaiwa baki ba.

Wata Juma'a Onarabul ya zo duba dashensa, cikin mota, da 'yan rakiya. Baffa ya same shi a bakin waya. Ina tsaye daga baya da goyo. Suka gaisa, ya ɗan rusuna, gaisuwa dai babu abin zargi.

Baffa ya ce, "Ɗana, hanyar ruwa ka tare."

Ya ce, "Haba Baffa, ai na bar muku ƙofa. Zamani ne ya canja. Zan kai maganar majalisa a haƙa muku rijiyar burtsatse."

Baffa ya ce, "Kai ka kora shanu ta nan da ƙafarka. Ka san yadda suke in sun ji ruwa."

Sai ya duba agogo. Agogo fa! Da a ce baƙo ne daga birni, sai in ce rashin sani ne. Amma wannan ya san sunan kowace saniya a garkenmu. Ni dai bakina bai ƙyale ba, na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah!" Baffa ya juyo ya daka min tsawa, wai ba a yi wa babba haka a gaban mutane.

An kai ƙara wajen dagaci, ya sunkuyar da kai. Rijiya kuwa har yau ana haƙa ta a baki. Shanu suka koma zagaye mai nisa kafin su kai rafi, suka rame, nono ya ƙafe. Kafin damina Baffa ya haɗa garke ya yi kudu, shi da yayana. Tsoho mai furfura, wanda tun da aka haife ni bai taɓa tashi ba. Ya ce wa Inna in an buɗe hanya zai dawo.

Can zazzaɓi ya kama shi. Mutanen da ba su san ko sunan ubansa ba su suka yi masa salla. Mu saƙo kawai muka samu.

A lokacin soja sun riga sun rushe majalisa, Onarabul ya dawo gida, babu mota babu 'yan rakiya. Ya zo ta'aziyya. Ya durƙusa gaban Inna har da hawaye, yana cewa ai uba ya rasa. Na buɗe baki zan zazzage masa duk abin da ke cikina, Inna ta riƙe min hannu.

Ta dube shi, ta ga leɓensa ya bushe don tafiyar rana. Ta ce da ni, "Tashi ki kawo masa ruwa. Mu a gidan nan ba ma hana ruwa."

Na kawo. Ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya kasa sha.